Tafkin da Ya Ƙi Tsayawa a Auna Shi

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni auna wani tafki a ƙasar Gummi ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, cikin watan Satumba, ina babban jami'in safiyo, wato awon ƙasa, saura kaɗan in ajiye aiki.

Darakta ya kira ni ofis ya ce an ba wani Alhaji izinin kiwon kifi a tafkin. Takardar ta ce duk inda ruwa ya rufe a ranar awo nasa ne, zai kewaye da waya. Aikina in bi bakin ruwa in kafa turakun kankare, in zana taswira, in sa hannu. Ga wanda bai san aikinmu ba, da zarar mai safiyo ya sa hannu magana ta ƙare, ko kotu taswirar take dubawa.

"Mako biyu na ba ka," in ji shi.

Garin ƙarami ne, a kan tudu. Dattawa sun ce kakanninsu daga wajen Anka suka taso, sau biyu ruwa yana cin gidajensu kafin su haƙura su hau sama. Ko'ina ka juya hayaƙin bandar kifi ne, tarwaɗa da ƙarfasa, ana loda kwanduna a babur zuwa kasuwar Gummi.

Na gaida mai gari, ya haɗa ni da Sarkin Ruwa, wani gajeren tsoho mai idon wayo. Ya karanta fuskata, ya dubi turakuna, ya ce, "Malam mai awo, ba a sanin ruwa daga tudu. Shiga jirgi."

Muna tsakiyar tafki na juya zan tofar da goro, sai ya daka mini tsawa.

"Kak ka tofa nan! Gonar liman ta."

Na leƙa. Ruwa ne ya fi tsayin mutum.

"Sarki, wace gona?"

"Kai ruwa kaka gani, ni albasa nika gani." Ya nuna giginya a gabas da tsamiya a yamma. "Tsakaninsu nan iyaka take. Nan kuma ta ƙanwata Hajo, dankali taka yi, da shi taka ciyar da marayu huɗu."

Haka muka wuni yana tuƙi yana kiran sunayen masu gonaki, har da inda aka yi rigimar iyaka tun zamanin kakansa. Kunya ta kama ni, don na taɓa ganin irin wannan a Baga da Yawuri, har a Mopti ta ƙasar Mali. Tafkin nan masu shi uku ne. Da damina na masunta ne. Ruwa na ja baya manoma na bin sa da shuka. Da bazara Fulani su shigo da shanu su ci karmami su bar taki. Wani Arɗo da na zanta da shi da Fulatanci ya ce shi bai taɓa kiran wurin tafki ba, makiyaya yake ce masa. In na kafa turaku a Satumba, na miƙa wa mutum ɗaya abincin gari duka.

Sai na rubuta wa Darakta cewa ƙasar bakin ruwa laka ce, ba ta riƙe turke. Ba ƙarya na yi ba, na dai zaɓi inda lakar ta fi taushi na gwada. A Nuwamba na rubuta cewa shinkafar bakin ruwa ba a yanke ba. A Janairu na ce bakin ruwan yana matsawa kullum, ina jira ya tsaya. Darakta ya aiko mini takardar tuhuma, ya ce in Maris ya wuce in kwashe kayana.

A ƙarshen Maris na auna. Kwana ɗaya ya ishe ni.

Alhaji ya zo da Darakta da mota cike da wayar shinge. Suka sauka a tsakiyar albasa, shanu na kallonsu. Can ƙasa ga ruwa, bai fi filin ƙwallo ba, turakuna kewaye da shi tsaf.

"Ina tafkin?" in ji Alhaji.

Sarkin Ruwa ya rusuna. "Ranka shi daɗe, ya yi tafiya. Amma in ka yi haƙuri, da damina yana dawowa."

Darakta ya ja ni gefe yana huci. Na buɗe takardar na ɗora yatsa a kan "ranar awo". Ya karanta sau biyu, ya miƙo mini ita. Alhaji bai sauke ko ƙulli ɗaya na wayarsa ba. Ni kuwa aka mayar da ni Bukkuyum auna filayen makarantu, a can na ƙarasa aikina lafiya.

Ku yaran yanzu masu awo, na'urarku tana gaya muku inda abu yake, ba kuskure. Amma kafin ku sa hannu a kan ƙasar mutane, ku tambayi wa ke cin abinci a wurin a watannin da ba ku nan. Wannan kam na'ura ba ta san shi ba, sai kun shiga jirgi.