Malam Sufyan Ari, Wanda Ya Saurari Ƴaƴanmu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Laraba, 15 ga Janairu 2025, ana shirin sallar la'asar, labari ya iske ni a rumfata ta kasuwar tattasai cewa Allah ya karɓi ran Malam Sufyan Ari, malamin Faransanci a kolejin unguwarmu a nan Diffa, bayan gajeriyar jinya. Na zauna a kan buhu, na bar ciniki. Baƙin ciki ya zo, amma kunya ta riga shi zuwa, kuma ita ce ta sa ni wannan rubutu.

Malam, ni ba ɗalibinka ba ne. Ni ne Maikano, kawun Ramla, ɗiyar ƙanwata da aka haifa a Baruwa, ta tashi a bukkokin ƴan gudun hijira na Asaga bayan rasuwar mahaifinta, sannan ta dawo hannuna don ta shiga kolej. Yarinyar ta zo mana ba ta magana. Hausarta da karin Barebari take fita, yara su yi ta kwaikwayonta, sai ta ɗinke bakinta gaba ɗaya. A gida muka ce kunya ce irin ta ƴaƴa mata, muka ƙyale ta.

Kai ba ka ƙyale ta ba. Ajinka ya yi suna da hayaniya, har wasu malamai na yi maka tsiya wai ka buɗe reshen kasuwa a lakwal, wato makaranta. Dalili kuwa, ba ka barin yaro ya taɓa alƙalami sai ya fara ba da labarinsa da baki, da Barbarci ne, da Fulatanci ne ko da Hausa, sannan ku taru ku nemo masa kalmomin Faransanci. In yaro ya tashi karatu ba ka katse shi, ko da ya yi wa harshen kaca-kaca; sai ya kai aya ka gyara. Ramla ta yi makonni ba ta ce uffan ba. Ka tambaye ta yadda ake ƙyafe kifi a bakin kogin Komadugu, ka ce kai ɗan tudu ne, ba ka sani ba. A ranar ta yi bayani har aka kaɗa ƙararrawa ba ta gama ba.

Kana da wata al'ada. Ƙarshen kowane zango sai ka share aji, ka jera bencina a baya domin iyaye, yara su karanta abin da suka rubuta da hannunsu. Kafin hutun Disamba ka tako da ƙafarka har rumfata, kana atishawa saboda ƙurar tattasai, ka ce, "Alhaji, ranar Asabar Ramla za ta tsaya gaban mutane. Kai take so ta gani."

Na ce in sha Allah. Ranar Asabar motocin kaya suka iso daga gonakin bakin kogi, na tsaya lodi. Na ce a raina ai wasu iyayen za su je. Ashe kowa abin da ya ce ke nan. Daga baya aka gaya mini ba uba ko ɗaya, ba uwa ko ɗaya. Ka jira, ka jira, sannan ka bar teburinka ka koma baya ka zauna a bencin iyaye kai kaɗai, ka ce su fara. Kowane yaro ya gama, ka tashi tsaye ka tafa masa.

Ranar jana'izarka kuwa ba mu ga uzuri ba. Muka rufe shaguna, muka cika titi, muna ta yabonka da manyan kalmomi. Na dubi fuskokin iyayen ajinka ɗaya bayan ɗaya, kowa na kau da ido, ni ma haka.

Tun rasuwarka Ramla ta koma shiru, kuma tsorona kada ta ɗore a haka. Jiya bayan azahar na rufe rumfa na je gida, na shimfiɗa tabarma, na kira ta. Na ce, "Ramla, kawo abin nan da kika rubuta ki karanta mini, ga ni na zauna."

Ta dubi ƙasa. Sannan ta ce a hankali, "Na riga na karanta, Kawu. Malam ya ji."

Na tashi na naɗe tabarmar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Gaji, da maiɗakinka Malama Amina, da ƴaƴanka Nazir da Maryam, da abokan aikinka da ɗalibanka. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ka bari. Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya saurare ka da rahama ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Mu kuma da muka bar ka kana tafa wa ƴaƴanmu a madadinmu, Allah ya yafe mana, don kai ba mu samu mun roƙe ka gafara ba.