Seidu Ya Koma Napoli

Duk mai hawa bas a Oxford Road da safe, da wuya a ce bai taɓa ganin Seidu ba. Shi ne direban nan mai furfura a gemu, wanda ba ya tayar da mota sai tsofaffi sun zauna. Mutumin zangon Kumasi ne, amma ya haura shekara ashirin a Manchester. A nan ya auri Abiba, a nan suka haifi 'yarsu tilo, Zuweira, wadda ke karatu a Birmingham. Abokan aikinsa sun san ba ya makara, kuma ba ya zuwa hutu ko'ina sai gida Ghana.

Kafin Ingila ya yi zaman Italiya, iyakar abin da yake faɗa ke nan. Bai taɓa gaya wa Zuweira cewa ta Libiya ya bi, cikin jirgin masunta, ba. Ba ta san lema da tabarau ya sayar a bakin tashar jirgin ƙasa ta Napoli ba, a kan zani a ƙasa, ido ɗaya a kan mai saye ɗaya a kan 'yan sanda, don ko takarda ɗaya ba shi da ita a lokacin.

Wata Asabar Zuweira ta bugo waya.

"Baba, ni da ƙawata Hanan muka shirya zuwa Napoli bayan jarrabawa, sai ga shi ta fasa. Na mayar da tikitin da sunanka. Tunda ka san garin, kai za ka zagaya da ni."

Seidu ya ce zai yi shawara. Da ya ajiye wayar, Abiba ta dube shi ta ce, "Malam, ka san halin 'yarka. In ba ka je ba, ita kaɗai za ta tafi."

Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. A wurin aiki kuma abokinsa Nyam ya ƙara masa damuwa ba da saninsa ba, ya ce ai yanzu har hoton yatsu ake ɗauka a ƙofar shiga Turai. Seidu ya tuna an taɓa dangwala masa yatsu ranar da aka fito da su daga teku. Fasfonsa na Birtaniya halal ne, babu wanda yake binsa laifi, ya san da haka. Duk da haka sai ya riƙa kallon yatsunsa a kan sitiyari.

Ranar tafiya ya isa gidan ɗalibai a unguwar Selly Oak ta Birmingham da ƙaton akwati. Zuweira ta fashe da dariya.

"Baba, wannan tikitin mai araha ne, jakar baya ɗaya kawai aka yarda."

Ta zazzage kayan ta zaɓi riga uku, wando, sallaya da maganin hawan jininsa, ta cusa a tsohuwar jakarta ta makaranta. Ya goya ta. Da irin wannan jakar ya bar Kumasi.

A filin jirgin Napoli layi na tafiya, shi yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya ɗora yatsu a kan gilashin na'urar ɗaukar hoton yatsu. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya miƙo masa fasfonsa. Masaukin da Zuweira ta kama na 'yan yawon buɗe ido ne masu ƙaramin ƙarfi, gadaje sama da ƙasa, kowa da akwatin ƙarfensa. Ita ta ce wurin ya burge ta. Shi ya zauna a bakin gado ya kasa cire takalmi.

Washegari da hantsi suka fita. Zuweira na gaba tana ɗaukar hoton tsofaffin majami'u da shanya da ke rataye tsakanin benaye, tana ta tambayarsa sunan wannan da wancan. Bai sani ba. Shekarun da ya yi a garin, ƙasa yake kallo da kwanar titi.

Suna cikin wani dogon titi mai cunkoso, sai wani daga cikin masu shimfiɗa kayan sayarwa a ƙasa ya yi fito, alamar ga 'yan sanda nan. Nan take suka tattare zannuwansu suka watse. Seidu bai san lokacin da ya bi su ba. Ya kutsa lungu, ya haura matakala, ya sake shan kwana, jaka na dukan bayansa, sai da numfashi ya gagare shi ya jingina da bango. Can hankalinsa ya dawo. Babu mai binsa, kuma babu Zuweira.

Ya ciro waya, ba ta aiki, don layin Zuweira kaɗai suka biya wa kuɗin aiki a ƙasar waje saboda tsimi. Ya bar yarinya a tsakiyar garin da ba ta jin yarensa. Ya juya da sassarfa, gwiwa na ciwo, ya tarar hanyar ba ta ɓace masa ba ko kaɗan.

Daga nesa ya hango ta tsakanin 'yan sanda biyu, tana kuka, tana nuna musu hotonsa a waya. Ya ja ya tsaya bayan wata rumfar jaridu. A rayuwarsa bai taɓa nufar ɗan sandan ƙasar nan da ƙafarsa ba. Ya ji ta ce da Turanci, "Yana da hawan jini, don Allah ku taimaka." Sai ya yi bismilla ya fito.

Babban cikinsu ya tambaye shi ko lafiya. Seidu ya amsa da Italiyanci irin na 'yan kasuwar garin, ya ce cunkoso ne ya raba su. Mutumin ya yi dariya, ya ce wannan bakin ai na 'yan Napoli ne, ya dafa kafaɗarsa suka wuce.

Zuweira ta goge ido.

"Baba, ba cunkoso ba ne. Na gan ka, gudu ka yi."

Suka zauna a matakalar wata majami'a, ta sayo musu ruwa. Ya ba ta labarin zanin da lemar, da yadda ake ɗaure kusurwoyi huɗu da igiya don a ɗauke da fizga ɗaya. Labarin teku bai kai gare shi ba, ita ma ba ta matsa ba. Sannan ta tambaya ko yana so su koma gida gobe.

"A'a," in ji shi. "Akwai wata tsohuwar fada mai ganuwa a bakin ruwa, na sha sayar da kaya a ƙofarta. Ina so in ga cikinta."

Sun shiga, sun hau har sama, ya ga garin da dutsen da ke bayansa. Amma har suka baro Napoli, in ya ji jiniya sai ya dafe aljihun da fasfo yake, Zuweira kuma ta riƙe igiyar jakarsa ba ta saki.

Ran Litinin ya koma bakin aiki. Da Nyam ya tambaye shi Italiya, ya ce, "Akwai zafi, kuma gwiwata ta sha wuya." Da ya tashi aiki ya wuce wurin likita a duba masa ita.