Bayan an kama 'yata a ƙofar banki

Ina kicin ɗin tsohuwar da nake aikin kula da ita a unguwar Mount Hope, ina dama mata kunu, wayata ta yi ƙara. Ban san lambar ba. Wata mace ce ta yi magana da Turanci a natse, ta tambaya ko ni ce mahaifiyar wance. Na ce ni ce. Ta ce kada in tayar da hankalina, 'yata lafiyarta ƙalau, amma 'yan sanda sun kama ta tare da wasu a ƙofar wani banki a Manhattan.

Na kashe wuta. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Tana da asma. Maganinta yana hannunta?" Matar ta ce za ta sanar da lauya. Ta faɗa mini ofishin 'yan sandan da aka kai su, ta ce mutanen ƙungiyarsu suna jira a waje.

'Yar fari ce, a Bronx na haife ta, lokacin tana shekara ta biyu a jami'a. Ta sha gaya mini tana zuwa taro kan sauyin yanayi, ni kuwa na ɗauka wani abin makaranta ne, irin wanda ake zama a ɗaki a yi surutu a watse. Ashe ranar zama suka yi a ƙofar bankin, suka sarƙe hannuwa, suka hana shiga da fita, wai don bankin yana ba kamfanonin mai kuɗi. Ba su daki kowa ba, ba su fasa komai ba. An ce su tashi, suka ƙi.

Na kira babanta, yana tuƙa tasi. Na faɗa masa abin da ya faru.

"Kada ki je," in ji shi. "Kin san takarduna suna hannunsu."

Lokacin ya nemi zama ɗan ƙasa, muna jiran a kira shi. Mu duka biyu muna da takardar zama, amma tun da muka zo daga Kano muke tafiya a gefen bango. Ko takardar tarar ajiye mota ya samu, ba ya barci sai ya biya. Na ce masa to. Da mai karɓata a aiki ta iso bayan la'asar, na ɗauki jakata na shiga jirgin ƙasa zuwa Manhattan, ban sake kiransa ba.

A gaban ofishin na tarar da mutane a gefen titi da kujerun naɗewa, da ruwa, da lemo, da barguna. Na tsaya nesa da su, ina kallon ƙofa. Wani dattijo Bature mai sanda ya matso ya ce, "Wa kike jira?" Na ce 'yata. Ya tashi wani daga kujera ya ba ni. Ya ce shi matarsa yake jira, kuma ba yau ya fara ba. Yadda ya faɗe shi kamar mai jiran bas ya ba ni haushi. Na zauna ina jan carbi a cikin hijabi, duk motar 'yan sandan da ta wuce sai in sunkuyar da kai.

Da magariba aka fara sako su ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya fito sai a yi masa tafi. Can sai ga ta, riƙe da hannun wata tsohuwa mai farin gashi, matar dattijon nan. Ni ban yi tafi ba. Na kama hannuwanta na juya su, na ga shatin ankwar roba ya yi ja a wuyan hannu.

"Umma, ya aka yi kika zo?" ta ce da Turanci, kamar yadda ta saba amsa mini.

"Ina maganinki?"

'Yan sanda sun karɓe shi tare da sauran kayanta. Ta ce ƙirjinta ya fara toshewa a cikin motarsu, tsohuwar nan ce ta matso kusa da ita, ta yi ta sa ta numfashi a hankali, tana kiran 'yan sanda har aka kawo mata. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ta haura saba'in. Na riƙe hannunta na rasa Turancin da zan yi mata godiya da shi.

Muka koma gida a unguwarmu ta Highbridge, muka tarar da babanta zaune a falo, ko takalmi bai cire ba.

"Banki ne ya yi miki me?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, wannan karon ta yi ƙoƙarin yin Hausa. "Abba, ka manta ranar da sama ta yi ja da hayaƙi, ka kai ni asibiti? Ka manta ɗakin Kaka da ruwa ya rusa a Kano?"

"Ruwa na Allah ne."

"Na Allah ne, amma mutane ne suke ƙona abin da ke..." Hausar ta ƙare mata, ta ƙarasa da Turanci, hawaye na zuba.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Waɗannan da kika bi, in sun faɗi suna da inda za su faɗa. Ke fa? Ni kike da shi, ni kuwa ga inda nake."

Ni ban sa baki ba, don kowanne ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya.

An ba ta ranar zuwa kotu, ana tuhumarta da shiga wurin da ba nata ba da kuma tare hanya. Kafin ranar ta zo, labari ya gama unguwa. Wani ya ɗauki bidiyonta ana tura ta mota, ya yi ta yawo a wayoyin mutane. A wani suna da na je a unguwar Morrisania, ina shiga hira ta tsaya. Wata ta ja ni gefe ta ce, "Sannu da wannan abu. Allah ya sa dai ba sata ba ce." Wata kuma ta ce da ƙarfi yadda zan ji, yarinyar da ta shiga sel ɗin 'yan sanda, wa zai kawo kuɗin aurenta? Na ci abincin ban san ɗanɗanonsa ba, na fito tun ba a watse ba.

A makonnin nan na rame. In na ga baƙuwar mota a ƙofar gininmu sai in tsaya a lungu har ta tafi. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai na leƙa ta 'yar huda kafin in buɗe, ko da kuwa na san maƙwabciya ce. Sau da yawa a wurin aiki tsohuwar da nake kula da ita sai ta kira ni ta sake kira kafin in ji.

Lauyarsu wata matashiya ce da ke yi musu aiki kyauta. Ta kira ni ta ce suna so iyaye da abokai su cika bencin kotu, don alƙali ya ga waɗannan mutane suna da nasu. Na tambaye ta kai tsaye ko zuwana zai iya taɓa takardun maigidana. Ta ce kotu a buɗe take ga kowa, laifin da ake tuhumar 'ya kuma ba ya hawa kan uba, amma ita ba lauyar shige da fice ba ce, gara mu tambayi wanda ya san wannan fannin. Na so ta ce mini babu komai. Ba ta ce ba.

Na je. A ƙofar kotu aka sa jakata a na'urar bincike. A ciki na ga fuskokin da na gani a gefen titi, suka matsa mini wuri kusa da dattijon mai sanda. Aka yi ta kiran wasu shari'o'i da ba namu ba, samari baƙaƙe irin 'ya'yanmu, wasu babu ko mutum ɗaya a bayansu. Da aka kira 'yata ta miƙe, na ga yadda ta ƙanƙance a gaban teburin nan. A al'adarmu ba a nuna 'yar fari a gaban mutane, ko sunanta ba na kamawa. Amma da lauya ta ce mahaifiyarta tana nan, na miƙe tsaye ba tare da kowa ya ce in miƙe ba. Alƙaliyar ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Ba a yi wata doguwar magana ba aka ɗage.

Haka aka yi ta ɗagewa. Kowane zuwa sai na nemi mai riƙe mini aiki, kowane dawowa babanta ya tambaye ni, "Me suka ce?" in ce sun ɗage, ya ce Allah ya kyauta.

Daga baya masu gabatar da ƙara suka kawo tayi. Waɗanda wannan ne kamunsu na farko, in suka yi wasu watanni ba a sake kama su ba, za a kori ƙarar kamar ba a yi ba. Na ji kamar an sauke mini dutse. Amma tsohuwar nas ba ta cikin tayin, don an sha kama ta. Ita shari'a za a yi mata, kuma lauya ta ce ba mamaki a ɗaure ta na ɗan lokaci.

A barandar kotun 'yata ta ce ba za ta karɓa ba.

"Tare muka zauna, tare aka kama mu. Ba zan fita in bar ta ba."

Na ce da Hausa, a hankali don kada a ji, "Kina so ki kashe ni ne?"

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskata. Ta kama kafaɗar yarinyar ta ce, "Ki karɓa. Ni na gama aikina, babu wanda zai ƙi ɗaukata aiki saboda wannan. Ke yanzu kika fara. In kina son taimakona, ki zo ki zauna a bayana ranar shari'a."

Ta karɓa, tana kuka.

Na zaci daga nan na gama da kotu. Amma ana gobe shari'ar tsohuwar na tsinci kaina ina goge hijabina. Babanta ya dube ni ya ce, "Taki ta fita. Me kuma za ki je yi?" Na ce matar da ta riƙe mini 'ya tana shiɗewa a cikin mota, ba zan bar bayanta babu kowa ba. Da safe ina saukowa na tarar da tasinsa a ƙofa. Ya ce mu shiga, ni da yarinyar. Ya kai mu har bakin kotu, ya ce zai jira a waje, shi ba zai shiga ba. Ban matsa masa ba.

Tsohuwar ta yi magana da kanta. Ba ta musa ba, ta ce ta zauna, kuma ta san an hana. Ta ce ta yi shekaru a asibiti tana ganin yara suna neman numfashi duk lokacin da zafi ya tsananta, ta bi ofis-ofis, ta yi zaɓe, ta yi tattaki, ba ta ga abin ya motsa ba. Alƙaliyar ta katse ta, ta ce ba yanayi ake yi wa shari'a ba. Dattijon da ke gefena ya damƙe sandarsa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Sai a lokacin na gane shi ma tsoro yake ji, ya dai daɗe da koyon ɓoye shi.

An same ta da laifi. Da alƙaliyar ta fara karanta hukunci na rufe ido ina salati. Ba a ɗaure ta ba. An ci ta tara, aka kuma sa ta aikin share wuraren shaƙatawa na gari. Na juya don in ga fuskar 'yata, sai na hangi babanta a benci na ƙarshe, hularsa a kai, hannuwansa a kan gwiwa. Ban san lokacin da ya shigo ba. A mota, sai da muka hau gada ya ce, "Matar nan tana da zuciya. Amma ke kada ki ƙara." Yarinyar ta juya tana kallon ruwa.

Ɗaya daga wuraren da aka tura tsohuwar ba shi da nisa da mu. Ranar wata Asabar na soya ƙosai na dama kunun gyaɗa, na sauka daga tudun da unguwarmu take kai, na same ta sanye da riga mai ruwan lemo ta masu shara, tana tsince gwangwanaye da wani ɗan ƙarfe. Ta zauna a kan benci ta ci, yaji ya sa ta hawaye, tana dariya tana ƙara ɗauka.

Na tambaye ta, "Kin daina ke nan?"

Ta goge baki ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. A'a."

"'Yata fa?"

"Ita za ki tambaya. Ni dai ba zan kira ta ba."

Na tattara kwanukana na hau tudu ina hutawa a hanya. Watannin da aka ɗiba wa yarinyar sun kusa cika a lokacin, babanta kuma har yanzu ba a kira shi kan takardunsa ba. Da na shiga gida na same ta a ƙasan falo da wani babban kwali da fenti, tana rubutu. Ta ɗago ta ce, "Umma, tattaki ne kawai, an ba da izini." Na tsallake kwalin na wuce kicin, na buɗe famfo, na daɗe a tsaye kafin in sa kwanon farko a ruwa.