Sahabi Mai Fari Ya San Yadin Kowa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Alhaji Sahabi Mai Fari ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya gama awo. Kai kana miƙa masa hannu, shi idonsa na kan hularka. Ya gangaro da shi a hankali har takalminka, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Lahiya lau. Takwas." Baƙo sai ya yi sororo, takwas ɗin me kuma? Mu da muka sani sai mu kau da kai muna danne dariya, don yadin likkafaninka ne ya faɗa maka, kyauta, tun ba ka karya kumallo ba.

Ba ya ƙyale kowa. Kun tuna manajan bankin tsallaken titi, mai tumbin nan? Ya zo sayen turare, Sahabi ya dube shi ya ce, "Manaja, aikin ga ya karɓe ka. Bara takwas na, bana sai an ƙara guda." Tun daga ranar manaja ya koma shigowa ta ƙofar baya. Madam Rifkatu mai abinci kuwa, da abin ya ishe ta, ta ce masa, "Baba, ni fa ka daina kallona, mu a akwati muke tafiya." Ya ce, "Na sani, Madam, ke ba cinikina ba ta. Amma in kahinta na son shawara, ki turo man shi."

Ni ne Shehu mai hoto, ga waɗanda suka san fuskata ba su san sunana ba. Shagona shi ne na uku daga nasa, tun wurin nan yana layin shagunan Alhaji Modi, kafin a maƙala masa sunan Turancin da har yau bakina ya ƙi shi. A lokacin, in ka shigo ta bakin get, Sahabi za ka fara tararwa da bandir-bandir na farin yadi, zare da allura, sabulu da turare. Sai tela, sai ni, sai mai gyaran rediyo, mai littattafai, kemis, sai Madam a can ƙurya. Alhaji Modi, Allah ya jiƙansa, da kansa ya zaɓa wa Sahabi wannan shagon na farko. Asibiti na nan kusa, ya ce mutumin da aka yi wa rasuwa bai kamata ya shigo yana dube-dube yana tambaya ba. Duk rigimar da aka sha daga baya, a kan wannan shagon bakin get ɗin aka sha ta.

Don unguwa ta juya a kan idonmu. Bankuna suka zo, manyan gidaje suka kewaye mu, Alhaji Modi ya rasu, ɗansa Nasiru ya dawo daga yawon Dubai da ido cike da gilashi. Ya zuba tayil, ya ɗora bene, ya ɗaga haya sama. Mai rediyo ne ya fara kwashe kayansa, masu waya suka shiga. Mai littattafai ya tafi, aka sa shawarma. Shawarma, jama'a! Inda yara ke sayen littafin lissafi yanzu kabeji ake yankawa. Madam ta koma Unguwar Rogo. Ni ma wayar nan ta hannu ta cinye ni, kowa ya zama mai hoto, na tattara na koma wani ɗan shago a Gidan Igwai ina wanke fasfo. Amma kusan kullum da la'asar sai na hau keke na zo hira kan bencin Sahabi, don haka babu abin da ya wuce ni.

Su ma sababbin ba zama suke ba. Shago guda sai ka ga ya yi waya, ya yi turare, ya yi gashin kanti, ya koma wurin cirar kuɗi, duk fentin farko bai gama bushewa ba. Sahabi kuwa har shaguna awo yake musu. Ranar da aka yi bikin buɗe wani shagon takalman ƙasar waje, da balan-balan da kiɗa, ya leƙa ya dawo ya zauna. Na ce, "Alhaji, ƙaƙa ka gani?" Ya ce, "Wanga bai ganin damina." Bai gani ba kuwa. Ranar da suke loda kaya a mota ya tashi ya gyara babbar riga, ya je ya tsaya gaban mai shagon, ya ɗaga hannu: "Ya haƙuri? Allah shi sa ya huta." Yaron ya rasa ko ya yi kuka ko ya yi dariya, sai ya ce amin.

To, Nasiru ya fito da doka: kowane shago sai ya sa gaban gilashi, da allo mai wuta, kuma masu sayar da sutura su tsayar da mutum-mutumin roba a taga ya nuna kaya. Kowa ya san da wa ake. An ɗauka Sahabi zai ƙi, a samu hanyar tashinsa. Ina! Ya ce, "Doka ta, sai a bi." Ya sa gilashi. Ya sa allo. Ya je kasuwa ya sayo mutum-mutumi na gwanjo, wanda hannunsa ɗaya ya ɓalle. Da safe aka wayi gari ya naɗe shi tsaf da fari, ya ɗaure kai da ƙafa, ya kwantar da shi a taga kan gefensa na dama, fuska gabas.

Wayyo Allah! Wata mata ta fito daga mota da ƙawayenta, ta yi ido biyu da abin, ta saki salati ta koma mota da takalmi ɗaya. Mai keke ya tsaya ya cire hula. Maigadi, ɗan ƙauye ne bawan Allah, ya tsuguna yana tambayar yaushe za a yi sallah. Nasiru ya iso a guje, gumi har cikin ido.

"Baba, mene ne wannan, don girman Allah?"

"Nasiru, kai kac ce a nuna kaya yadda aka sa su. Nawa haka aka sa su. A tsaye kaka so? Ban taɓa ganin wanda yas sa shi a tsaye ba."

"Baba, cire. Na yafe maka dokar."

"Da wutar allon? Ina shirin sa mai ƙyalƙyali."

"Har ita na yafe!"

Wadda ta fi kowa shan haushinsa ita ce Hajiya Turai, mai shagon kayan lefe da ta karɓi wurin tela, bango ɗaya da shi. Mace ce mai baki, mai kuma ido. Amarya na shigowa ta san girman rigarta ba tare da tef ba. Ita ta tara 'yan haya aka yi taro a ofishin Nasiru, ni ma na kutsa na zauna ba a gayyace ni ba. Ta ce amare na zuwa da murna, abin da za su fara gani likkafani. Ta ce ranar nan wani ango ya tsaya gaishe shi, tsohon ya ce da yaron mutane, "Bakwai da rabi," auren saura sati. A mai da shi sama, ko can baya wajen janareta.

Sahabi ya bari ta gama. Ya ce, "Hajiya, ni da ke sana'armu guda, muna tuhwatar da mai tahiya sabon gida. Sai dai ke naki ana maido miki, wai ya matse, wai launin bai yi ba. Ni tun da nif fara, ba wanda yad dawo yac ce bai yi mai daidai ba."

Aka fashe da dariya, har Nasiru. Amma da aka ce to ya koma bene, a rage masa haya, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Mai makoki bai hawan bene. Ƙahwahunai ba su ɗaukar shi. Nasiru, ubanka ya san haka, shi yas sa ni bakin ƙohwa." Ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba.

Ni na san abin da yake nufi, don na taɓa zuwa da irin waɗannan ƙafafun. Shekarar da ƙanena Ummaru ya rasu a asibitin nan, ni aka tura. Tun daga ƙofar asibiti nake jin tsoron tambaya ɗaya: yadi nawa? Yaya zan tsaya in kwatanta tsawon ɗan'uwana da hannu, kamar ina sayen katako? Na iso bakin shagon, bakina ya ƙi buɗewa. Sahabi ya dube ni, ya jawo benci ya zaunar da ni, ya miƙo ruwa. Ya ce, "Ummaru na?" Na gyaɗa kai. Ya miƙe. Ya jawo bandir, ya yanka, ya naɗe da zare da turare, ya sa mini a hannu. Da aka je ɗinki, ko tafin hannu bai ragu ba, bai kuma gaza ba.

Daga baya na ce masa, "Ashe awon nan ba iskanci ba na." Ya harare ni. "Iskanci na mana. Amma ɗan da ubanai yam mutu da hantsi, in ce mai tsawon tsoho nawa? Gara tsohon shi ji haushina tun yana da rai." Mutanen Ƙofar Kware, 'yan ƙauyen da suka kawo majinyaci suka koma da gawa, ma'aikata, duk wanda ya taɓa bi ta bakin get ɗin nan awonsa na cikin kan Sahabi. Wanda bai taɓa gani ba, sai ya dubi ɗan ya tambaya a hankali, "Ya hi ka, ko ka hi shi?" Shi ke nan.

Sau ɗaya tak ya ƙi auna ni. Na yi jinya mai tsanani, na fito kamar sillen kara, na lallaɓo hira. Na tsaya gabansa ina jira. Sai ya kama kallon rufi. Na ce, "Yau ba awo?" Ya ce, "Idona ka ciwo. Zamna." A ranar na san yana sona, kuma a ranar na fi jin tsoro.

A ƙarshe dai Nasiru ya ba shi notis, ya ce ƙarshen shekara zai karɓi shagon, Hajiya Turai za ta fasa bango ta faɗaɗa nata. Sahabi ya ce, "Allah shi kai mu." Allah bai kai shi ba. Ko a nan sai da ya yi gardamarsa, ba a tashe shi ba, shi ya tashi. Ya sallame sallar asuba ya jingina da bango, shi ke nan.

Na raka ɗansa Bello shagon da hantsi, muna cewa ai mutum irin wannan ya yanke nasa ya ajiye. Muka duba sama da ƙasa, babu. Ashe ya sha yankewa, duk sanda wani ya zo hannu wofi sai ya miƙa masa. Bello ya jawo bandir, ya ɗauki almakashi, sai ya tsaya. Ya dube ni, na dube shi. Mutumin da ya auna rabin Sakkwato, ba wanda ya taɓa auna shi. Yaron ya fara buɗe hannu zai kwatanta tsawon ubansa, sai ya fashe da kuka.

"Bakwai na."

Muka waiwaya. Hajiya Turai ce a bakin ƙofa, idonta jawur. Ta ce, "Ba ni almakashin nan, Bello, je ka zamna. Kullum tsohon ga na auna ni ta wutsiyar ido, yana zaton ban gani. Ni ma na auna shi." Ta yanka da hannunta. Ya yi daidai.

An fasa bangon, kamar yadda aka shirya. Shagon bakin get yanzu leshi ne da akwatunan lefe, da sanyin esi da ƙamshi. Amma in kun shiga ku dubi hannun dama, daf da ƙofa. Kantar Sahabi na nan ba a taɓa ta ba, da bandir na fari a kai, da bencinsa a ƙasa. Nasiru ya yi magana sau ɗaya, Hajiya ta ce in ya sake za ta nemo mutum-mutumin nan. Amare na wucewa ta gefensa, ba wadda ta fasa aure. Rannan ina zaune sai ga wani dattijo ya shigo daga asibiti, bakinsa ya ƙi buɗewa. Na ji ta ce da shi a hankali, "Zamna, Baba. Ya hi ka, ko ka hi shi?"

Allah ka jiƙan Sahabi. Yadda ya rufa wa bayinka asiri bai tambaye su abin da ba za su iya faɗa ba, kai ma ka rufa masa, ka sauƙaƙa masa tambaya. Ka yalwata masa makwanci fiye da duk awon da ya taɓa yi. Mu kuma da ya riga ya faɗa mana namu, ka sa mu cika da imani. Amin.