Abin da ya hana Jibiya aiko da takardu kan kari

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano a motar kamfani, ni da direba da wani abokin aikina. Kamfaninmu na jigilar kaya ne, kuma bara ya sayo kwamfuta, ƙatuwar na'ura mai ɗaki guda da iyakwandishan nata. Ni ke kula da ita. Rassa kan aiko da takardun lodi, mu huda katuna mu ɗura mata. Sau biyu tana cijewa saboda aiki ya zo mata a dunƙule, har manaja ya ce in ta sake, za a mai da ita inda ta fito, ni kuma in koma kan tafireta. Shi ne na fito zagayen koya wa ma'aikata auna aikin da suke turowa. Na faro da Jibiya don su ne suka fi jibgo mana kaya.

Hanya sumul, sabuwar kwalta har ƙyalli take. A Kankiya muka sha fura, mai furar ta tsuga mana kuɗi. Na yi ƙorafi, ta ce ai mu ma an yi mana ƙarin albashi. Na zaro kuɗi na biya.

Da muka wuce Katsina muka doshi Magama, bakin iyakar Nijar, nan na ga abin mamaki. Manyan motoci ne jere iya ganinka: siminti, kwanon rufi, atamfa, kekuna, rediyo, daga can kuma shanu da wake suna shigowa. Ga 'yan kwastan a nan, ga 'yan duwan, takwarorinsu na Nijar, can gaba, Hausa ɗaya ake yi. Wallahi ban taɓa zaton akwai kaya haka a duniya ba, ni da nake ganinsu a matsayin huji a jikin kati.

Shugaban reshen Jibiya dattijo ne ɗan Mazanya. Ya tara mini ma'aikata a inuwar bishiyar bedi, na yi ta bayanin abin da na'ura ke iya ɗauka a yini, suna gyaɗa kai don ladabi. Can na tambayi dalilin da suke tara takardun wata guda kafin su aiko.

Dattijon ya ce, "Haba Malam, abin da anka ce ya hi mutum dubu lissahi, mu kai mai 'yan takardu tsiraru? Ai da kunya. Sai akwati ya cika muka aikawa."

Ashe girmamawa ce ke neman raba ni da aikina. Na yi dariya har da hawaye, sannan na ce, "Baba, in babban baƙo ya sauka gidanka, abincin wata kake jibge masa rana ɗaya? Kuma in mutane za su ƙaru, ba ka gaya wa cikin gida da wuri?"

Ya ce a'a, ba ya jibgewa, kuma lallai yana gaya musu da wuri. Daga nan darasi ya kama hanya. Muka tsayar da Litinin da Alhamis don aiko takardu, kuma duk lokacin da suka ga lodi zai ƙaru, kamar gabanin salla, su sanar da ni tun kafin.

Mun dawo Kano da kilishi da gajiya. Na shiga ɗakin na'urar, sai na ga ta yi mini ƙanƙanta bayan jerin motocin nan. Tafiyar ta koya mini cewa auna aiki daga bakin iyaka yake farawa, wurin mutanen da ke ganin kayan da ido.

Ran Litinin direban Jibiya ya miƙo mini ɗan ƙunshin takardu a cikin sabon ƙyalle, yana ƙamshin turare. Ya ce, "Baba ya ce a gaishe ta, a ba ta haƙuri da ɗan kaɗan ɗin. Kuma wake ya kusa nuna, ka shirya."

Kafin azahar na'urar ta gama aikin tas. Har yau tafireta tana nan inda na bar ta.