Gamzakin Baba

A shekarun da nake aikin jima a wani kamfanin fata a Chalawa, ban san komai ba sai gajiya. In dawo gida da warin fata a jikina, in ci abin da aka ajiye mini, in kwanta. Mahaifina yana zaune tare da mu a lokacin. Tsohon manomi ne, gonarsa tana cikin filayen da aka gina kamfanonin a kai. Abin da ya rage masa na noma shi ne kallon sama. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsaya a ƙofar gida ya nemi Gamzaki a gabas, in ya gan shi sannan ya shiga ciki.

Da idonsa ya fara rauni, sai ya mai da tauraron ma'auni. Muddin yana ganin Gamzaki, in ji shi, ido bai tafi ba, kuma ba mai kai shi asibiti a taɓa masa ido da wuƙa.

Wata safiya ya nema ya rasa. Kwana uku yana fita yana dawowa bai gan shi ba. Ya ɗora wa hayaƙin kamfanoni laifi, amma na san ba hayaƙin yake tsoro ba.

Ni kuwa na yi sakandare, kuma darasin taurari bai gudu daga kaina ba. Ina ɗaura takalmi na gaya masa cewa Gamzaki ba tauraro ba ne, duniya ce kamar tamu, tana zagaya rana. Ya tambayi abin da ya hana ta faɗuwa. Na ce ya tuna majajjawar da yake korar tsuntsaye da ita: dutse yana son ya wuce, igiya tana riƙe da shi, sai ya yi ta zagaye. Jan da rana take yi shi ne igiyar. Yanzu ta zagaya bayan rana ne, ba mai ganin ta, har masu lafiyar ido. Nan da 'yan watanni za ta ɓullo ta yamma bayan magariba, ita ce dai wadda yake kira Zara.

Ya yi dariya, ya ce boko ya mai da namiji mace. Amma ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Ya ce in ta fito in nuna masa.

Ta fito kuwa. Na hango ta daga harabar kamfani, don a lokacin an mayar da ni aikin yamma, magariba a wurin aiki take riskata. Ranakun hutu kuma barci yake kwashe ni. Yau in ce gobe, gobe in ce Lahadi. Bai taɓa matsa mini ba. Ni ma ban matsa masa kan asibitin ba, don ba ni da ƙarfin gardama. Wannan shi ne abin da har yau yake cin raina.

Sai da aka shafe kusan wata uku sannan na riƙe hannunsa muka fita filin da ke bayan gidanmu. Tana nan sama da inda rana ta faɗi, tana haske ƙal, ko yaro zai gan ta. Na ɗaga hannu na nuna. Ya daɗe yana lalube da ido, sannan fuskarsa ta washe.

"Ga ta can. Ashe gaskiyarka ce."

Na bi yatsansa. Fitilar da ke kan tankin ruwan kamfaninmu yake nunawa, can ƙasa da Zara nesa.

"Kun gan ta sosai, Baba?"

"Ras nake ganin ta. Ka ga ido bai tafi ba."

Na ce masa ita ce. Muka tsaya yana kallon fitilar, ni ina kallon sa, har aka kira isha'i.