Gwiwar da Ba Ta Jin Turanci

A makarantarmu ta kwana ta 'yan mata, komai da dokarsa. Tari ma sai kin duba ko lokacinsa ne. Ran Litinin a duba farce da kitso, ran Asabar a leƙa ƙarƙashin gado ko wata ta ɓoye bandar kifi. Kullum kuwa sai an samu, don 'ya'yan bakin ruwa ne mu, ƙamshin banda kuma ba ya rufa wa kowa asiri. Duk wannan na iya da shi. Abin da ya gagare ni guda ne: wai idan babba ya shigo aji, a miƙe tsaye.

A miƙe fa, jama'a. Ni da na tashi a gungu, wato tsibiri a tsakiyar kogi, kusa da Warra, inda yarinya ba ta gaida babba sai gwiwa a ƙasa, ido a ƙasa. Wanda ya girma cikin kwale-kwale ma ya san tsayuwa babu dalili ita ke kifar da mutane.

Shugabar makarantar, Malama Babba muke ce mata, doguwa ce mai tabarau a kan hanci, ana jin ƙwas-ƙwas ɗin takalminta tun daga ofis. Ranar da ta fara shigo mana, aji ya miƙe wuf, ni kuwa na zube gefen benci da iyakar ladabina. Ta zaci fensir na yar, har ta tsaya jira in ɗauka. Da ta gane gaisuwa ce, sai ta sa aka ba ni lauje, aka nuna mini ciyawar bayan kicin.

Ciyawar nan ta sha hannuna. Kaina ya haddace dokar tsaf, har da Turancinta, amma da na ji ƙwas-ƙwas sai gwiwa ta yi gabanta ba ta shawarce ni ba. 'Yan ajinmu suka ce ai gwiwata ce ba ta jin Turanci, a sa ta aji ɗaya ita kaɗai. Malama Babba dai ba ta ga abin dariya ba. A ganinta taurin kai ne, ta kuma gaya mini a gaban kowa cewa in na sake, in ɗaure akwatina.

Abin da ba ta sani ba, akwai wata dokar da ta riga tata. Da ƙyar Inna ta shawo kan Baba ya bar ni boko, kuma ranar tafiyata, a bakin ruwa, ya ce mini: "Ranar da na ga kin tsaya mini ƙiƙam, ranar kin gama makaranta." Ni kuwa, wallahi, ina son makarantar nan har cikin raina, da ciyawarta da komai. Na dai kwantar da hankalina da cewa Baba yana gungu, Malama tana ofis, me zai haɗa su?

Shekarar da aka tare kogi a Kainji, ruwa ya fara hawa, ana ta kwashe mutanen gungu zuwa sababbin gidaje a tudu. Wata safiya muna lissafi sai ga ƙwas-ƙwas, bayanta kuma ga Baba da hularsa ta zuwa kasuwa. Aji ya miƙe. In tsaya, Baba ya cire ni. In durƙusa, Malama ta kore ni. Sai na maƙale a tsakiya, hannu a kan benci, gwiwa a lanƙwashe, kamar mai shirin zama a kujerar da aka janye. Na ji 'yan baya suna ƙunshe dariya, na ji haushinsu ƙwarai, amma ba halin juyawa.

Malama Babba ta dube ni ta saman tabarau. Baba ya bi ajin da kallo, 'ya'yan mutane reras a tsaye, sannan ya dawo kaina. Ya rame, ban taɓa ganin wuyan rigarsa ya yi masa yawa haka ba. Ya gaya wa Malama abin da ya kawo shi: in an ba da hutu kada a sa ni jirgin gungu, don ba kowa a can, an tashe su.

Ina nan dai a maƙale, cinyoyina na zafi.

"Miƙe, ɗiyata," in ji shi.

Na ɗan ɗago kaɗan, ina jiran in ji ko gwaji ne.

"Miƙe sosai. Zauren da kike durƙusa mini a ciki, ruwa ya riga ya shige shi."

Na miƙe tsaye a gaban Baba, ina kallon fuskarsa, hawaye na zuba. Dariyar 'yan baya ta ɗauke. Malama Babba ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin mayafinta.